Jaririn da Ya Zo da Furfura

Sunkuya ake ce masa a layin, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Mai aski ne, tun da ya buɗe shago kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. "Sunkuya." "Ɗan sunkuya, yallaɓai." "Kai yaro, sunkuya mana, ba yanka ka zan yi ba." 'Yan makaranta suka riƙa leƙo kai ta ƙofa suna kwaikwayon muryarsa su ruga, daga baya manya ma suka ɗauka.

Shagon yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin tela da mai sayar da kayan lantarki. Kujera ɗaya ce mai juyawa, ledarta ta tsage an liƙe da salatif. Akwai bencin masu jira, da madubi mai tsaga a kusurwa, da kanta mai ɗauke da inji biyu, almakashi, reza, burushi da gwangwanin hoda. Ya shiga sana'ar ne bayan rasuwar mahaifinsa, direban babbar mota, lokacin ko gemu bai fara ba. Ubangidansa tsintsiya ya fara damƙa masa, ya daɗe yana sharar gashin mutane kafin a bar shi ya taɓa kan kowa.

Abin da aka san shi da shi shi ne ba ya riƙe fuska, kai yake riƙewa. Sai ku gaisa a hanya ya kasa tuna ka, amma kana zama a kujera ya ga ƙeyarka sai ya ce, "Af, kai ne! Ƙurjin nan na bayan kunne ya warke?" Yakan hango sanƙo tun mai kan bai sani ba. Yana bambanta tabon jifa da na faɗowa daga keke, yana kuma gane 'yan gida ɗaya ta yadda gashinsu ke murɗewa a tsakar ka. Tela, maƙwabcinsa, yakan ce, "Wannan ko da zai yi aure, na tabbata ƙeyar matar ya fara dubawa."

Matar tasa malamar firamare ce, Malama kowa ke ce mata, har shi. Suna zaune a gidan haya: ɗaki biyu nasu, ɗaya na Inna, mahaifiyarsa, sauran na wasu masu hayar, ga famfo ɗaya a tsakar gida. Sun jima ba su samu haihuwa ba. Har mutane sun gaji da tambaya sannan aka samu ɗa namiji.

Yaron ya zo da wani abu. A goshinsa, daidai inda gashi ke farawa, akwai wani tsagi na gashi fari fat, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, fatar da ke ƙarƙashinsa ma fara ce. Nas ɗin da ta miƙo shi ta yi dariya ta ce, "Ga dattijonku nan, da furfurarsa ya taho." Sunan ya bi shi, kowa a gidan Dattijo yake ce masa.

Dattijo bai daɗe ba. Bayan gida ba ya fita yadda ya kamata, nono ba ya zama, ciki ya riƙa kumbura. Aka yi ta zarya tsakanin gida da asibiti. Bai cika wata uku ba ya rasu.

Mata sun cika tsakar gida suna gaisuwa, sai wata maƙwabciya mai sayar da gwanjo, wadda shiru ba ya yi mata daɗi, ta ce, "Allah sarki, ɗan farin gashin nan nasa. Inna, wai wa ya biyo ne a cikinku?"

Inna na zaune a bakin ƙofarta. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Mu dai ba mu da shi. Ban taɓa ganinsa a dangina ba, ban gan shi a dangin mijina ba. Sai dai a tambayi uwarsa inda ta samo."

Malama na cikin ɗaki, labule kawai ne tsakaninta da su. Kowa ya san a danginta ma babu mai irin wannan gashi. Kafin mako ya zagayo maganar ta fita daga gidan, ta bi layi, ta kai ƙofar makarantar da take koyarwa. A shago ma, Sunkuya ya lura in ya fita zubar da gashi ya dawo, hirar benci takan canza.

Wata rana ya dawo cin abincin rana ya tarar da akwati a tsakar ɗaki.

"Ka ji abin da Inna ta ce?" in ji Malama.

"Na ji. Tsufa ne, Malama, ga kuma zafin rashi."

"Ban tambaye ka dalilinta ba. Kai me ka ce?"

A ranar bai tare mata ba, ita ma ta sani.

"To. Ina gidan Yaya. A gaban mutane aka faɗa, a bakin wadda ta faɗa nake so in ji an janye. In aka yi hutun ƙarshen zango ban ji ba, ka aiko mini da takardata."

Ya je ya durƙusa a ƙofar Inna. Tana ninke wanki, ta saurare shi har ya gama.

"Abin da na sani na faɗa," ta ce. "In yi ƙarya don a ji daɗi?"

"Inna, aurena ne zai mutu."

"Miƙo mini zanen can."

Ya san uwarsa. Ba a tanƙwara ta da magiya, sai dai a ajiye mata abu a gabanta ta gani da idonta. Sai ya yi tunani irin na mai aski. Gashi ba ya faɗowa daga sama, wani ne ke ba wani. In tsoho ne, furfura za ta haɗiye farin tsagin a daina ganinsa. In matashi ne, zai iya rina shi ko ya danne da hula. Amma fata ba ta ɓoye komai: in aka kwashe gashin tas, farin tabon zai fito fili. Abin da ya rage kawai ya samu kai ɗaya a dangin mahaifinsa mai wannan tabo, ya kawo mai kan gaban Inna.

Ya zuba inji mai caji da reza da ƙyalle a jaka, ya fara rufe shago da rana.

Da Baffa ya fara, ƙanin mahaifinsa, tsohon mai gadin wani sito da ya ajiye aiki. Ya same shi a ƙofar gida yana gyara eriyar rediyo.

"Kai da ba a ganinka sai an yi mutuwa, yau kuma da jaka?"

"Aski na kawo maka, Baffa. Kyauta."

"Na ce maka zance zan je?"

"Ɗan sunkuya."

"To, saisaye kawai. Ka rage mini abin da hula za ta kama... Kai! Kai! Iskar me nake ji a goshina?"

Kafin Baffa ya miƙe an yi masa ƙwal-kwabo. Sunkuya ya juya kan zuwa haske, ya murza goshin da babban yatsa. Babu komai sai tsohon tabon da ƙofar sito ta yi masa. Yana kakkaɓe masa wuya ya jawo hirar kakanni.

"Babanmu kafinta ne," in ji Baffa, yana shafa kai cikin takaici. "Gashinsa baƙi wuluk har ya bar duniya. Shi kuma ubansa sanƙo gare shi kamar bayan cokali, ƙuda ma zamewa yake."

"Ku nawa ne a wurinsa?"

"Mu huɗu. Gwaggonka, da babanka, da wanda ya tafi aikin jirgin ruwa bai dawo ba, sai ni."

Daga nan ya bi 'ya'yan Baffa, ya bi jikoki, ya bi 'ya'yan 'yan'uwan kakansa da bai taɓa sanin ƙofar gidajensu ba. Ya aske mai sayar da taya a bakin titi, ya aske akawu a bayan ofis lokacin hutun rana, ya aske wani ɗalibi da ya yi wata da watanni yana tara suma, wanda har yau ba sa ga maciji da juna. Ko'ina ya je yakan nemi tsofaffin hotuna. Mazan ciki duk da huluna suke, suna zare ido kamar an kama su da laifi.

Tela ya ce, "An ce yanzu in ka ga mai ƙwal-kwabo a garin nan, kada ma ka tambaya, ɗan'uwan Sunkuya ne."

Masu benci suka yi dariya. Shi bai yi ba. Kwastomomi sun fara komawa shagon da ke bakin kasuwa, tun da nasa rabin yini a kulle yake, hutun makaranta kuma yana matsowa.

Labari ya kai wa Malama. Ranar da ya je ya tsaya a ƙofar makaranta lokacin tashi, ta bari yara suka watse sannan ta ƙaraso, da littattafan aji a hannu.

"An ce kana bin kawunan danginka da reza. Me kake nema?"

"Abin da zai wanke ki."

"Datti ka gani a jikina?"

"Ba haka nake nufi ba, Malama. Don Inna ne."

"Don Inna. To, in ka gama aske su duka ba ka samu ba fa? Sai me?"

Ya gyara ratayen jakar askinsa a kafaɗa.

"Ka gani," ta ce, ta gyara riƙon littattafanta ta wuce.

Kai ɗaya ya rage masa: ɗan Gwaggo, bakanike, can ƙarshen gari inda motar haya ke juyawa. Gwaggo ita ce babbar yayar mahaifinsa. Ƙafa ta daina ɗaukarta, ido ya yi rauni, shekaru ke nan ba ta zuwa ko'ina, tana ɗaki a gidan ɗan nata. Sunkuya bai sa ta a lissafi ba, tun da ba ya aske mata.

Ya zaunar da bakaniken a kan wata tsohuwar kujerar mota a baranda, ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji. Bai kai rabi ba wata murya ta fito ta taga, siririya amma da kaifi.

"Wa ya sako mini zuma a ƙofar ɗaki?"

"Ɗan ƙaninki ne, Iya, mai aski," in ji bakaniken.

"Mai aske dangi? Turo mini shi."

Ya ƙarasa askin. Goshin bakaniken babu komai sai baƙin mai. Ya wanke hannu ya shiga.

Ɗakin na warin man zafi. Gadon ƙarfe ne, ga kwalaben magani jere a kan taga, ga rediyo a gefen matashi. Gwaggo ta laluba ta kama hannunsa, ta yi masa gaisuwar rashi, sannan ta ce, "Matan gidan Baffanka sun zo sun ce ka mayar musu da maza kamar ƙwai. Me ka yar a kawunan mutane?"

Ya gaya mata. Farin gashin, da maganar Inna, da akwatin Malama.

Ta saki hannunsa. "An ce mini yaron ya koma. Ba wanda ya ce mini da furfura ya zo." Ta ɗora yatsa a goshinta, ƙasan ɗankwali. "A nan?"

"A nan."

"Cikinsa ya kumbura?"

Sunkuya ya zauna a ƙasa. "Ya kumbura, Gwaggo."

"Wa ka tambaya a cikinmu?"

"Baffa. Ya lissafa mini ku huɗu, duk babu mai shi."

"Huɗu! Baffanka auta ne, me ya sani? Waɗanda suka girma suka ci abinci da hannunsu yake ƙirgawa. Mu tara uwarmu ta haifa. Biyar sun koma tun suna zanen goyo, biyu daga cikinsu da wannan farin suka zo. Namijin ni na riƙa goyonsa, ina 'yar ƙarama, ina leƙa kansa ta kafaɗa ina dariya. Macen ba ta ma kai a ba ni ita ba." Ta yi tari, ta nemi kofin ruwa, ya miƙa mata. "Kai kana can kana kankare masu gemu. Abin nan ba ya barin mai shi ya yi girman da zai hau kujerarka."



"Amma me ya kawo ka har nan?" ta ce. "Ba ga uwarka a gida ba?"

"Ai ita ce ta ce ba ta taɓa gani ba."

Gwaggo ta yi wani sauti a maƙogwaro wanda ba dariya ba ne. "Kai ne ɗanta na fari?"

"Ni ne."

"Haka aka ce maka."

Ta ba shi labarin a gajarce, kamar mai karanta sanarwa. Kafin shi an haifi mace. Mahaifinsa na kan hanya da mota, Inna na zaune a gidan surukai. Jaririyar ta zo da farin tsagi a goshi. Kakarsa, wadda ta rasa biyu masu irinsa, ta buɗe zanen ta duba, ta rufe, ta ce ita ba ta san wannan a gidanta ba, a tambayi uwar.

"Don me?" in ji Sunkuya.

"Wa ke son a ce jinin gidansu ne ke cinye jarirai? Da samari a gida ba su yi aure ba? Gara a ɗora wa baƙuwa. Ni ina can gidan mijina, gari mai nisa. Ko da na zo an binne yarinyar, an binne maganar. Uwarka ta yi shekara ba ta ɗibar ruwa sai mata sun watse. Babanka ya riƙe ta, ban ce bai riƙe ta ba. Amma bai taɓa buɗe baki ya tare mata ba. Ashe ka gado shi."

"Ke ba ki gaya mata ba? Cewa akwai shi a gidanku?"

"Uwata na raye zan ƙaryata ta? Da ta mutu kuma, uwarka ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Kowa ya kama gabansa." Ta juya fuska wajen bango. "In za ka fita ka ce wa wancan ya share gashin nan, kada iska ta kawo mini shi cikin magani."

Da la'asar ya isa gida. Inna na guga a ɗakinta, ƙofa a buɗe. Ya shiga ya saki labule, abin da bai saba yi ba, ya zauna a bakin gado.

"Daga wurin Gwaggo nake."

"Tana lafiya?"

"Tana gaishe ki. Inna, ashe ina da yaya mace."

Dutsen gugar ya tsaya a kan rigar. Sai da ƙauri ya fara tashi sannan ta ɗaga shi ta jingine.

"Bakin tsohuwar nan bai mutu ba har yanzu."

"Ta ce su tara aka haifa, ba huɗu ba. Ta ce biyu daga cikin waɗanda suka koma da farin gashin suka zo. Ƙannenta, uwa ɗaya uba ɗaya da Baba. Ta ce ita ta goyi ɗaya."

Inna ta juyo ta dube shi sosai, karo na farko tun rasuwar yaron.

"Biyu?"

"Biyu."

"'Ya'yan ita kakar taka? Na cikinta?"

"Na cikinta."

Ta laluba bayanta ta zauna a kan kujerar roba. Ta daɗe tana kallon rigar da ta ƙone. Da ta yi magana, muryar ba ta rawa, ƙasa kawai ta yi.

"Tana da biyu a ƙasa, ta buɗe zanen nan ta dube ni." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni duk zamana na ɗauka ba wanda ya taɓa ganin irinsa sai a kaina. Da aka miƙo mini ɗanka na ga goshinsa, na ce shi ke nan, ta dawo. Akwai waɗanda suka san zancen farko, ba su mutu duka ba. In na ce na taɓa haihuwar irinsa, me za su ce? Za su ce wanda ya ba ni waccan shi ya ba ni kai, tun da ga shi ya fito a ɗanka. Kai za su cire daga gidan ubanka, da gemunka."

"Sai kika ɗora wa Malama."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Ta rufe ƙofa, ba ta sake fitowa ba ranar.

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi shago ya ji muryarta a tsakar gida. Ta sha mayafin fita, da jaka a hammata, tana buga ƙofar mai gwanjo.

"Fito. Ke kika yi tambaya ranar nan, zo ki ji amsa."

"Ni, Inna? Wace tambaya? Wallahi ni ban ce komai ba, ko a famfo ma cewa na yi..."

"Ɗauko mayafinki. Kai kuma, ina ne gidan yayan matar taka?"

Yayan Malama ma'aikacin hukumar ruwa ne, yana zaune a hawa na biyu na wani bene mai ƙunƙuntar matakala. Inna ta hau tana dafa bango, tana hutawa, ba ta yarda an riƙe ta ba. Yayan ne ya buɗe ƙofa, da singileti da jarida a hannu. Ya dube su su ukun, ya gaishe da Inna kamar yadda ya kamata, bai ko kalli Sunkuya ba.

Falon ƙarami ne, fanka na juyawa tana ƙara. Matar yayan ta kawo ruwa. Malama ta fito daga ɗaki da jan biro a hannu, ta durƙusa ta gaishe da surukarta, ta koma gefe ta tsaya.

Inna ba ta taɓa ruwan ba.

"Na zo in gyara magana," ta ce. "Ranar nan wannan ta tambaye ni wa yaron ya biyo, na ce ba mu da shi. Muna da shi. 'Yan'uwan kakansa biyu ya biyo. Ya kuma biyo gwaggonsa, 'yata ta fari, wadda na haifa kafin wannan. Farin nata ya fi nasa faɗi kaɗan. Jikana ne, ɗan ɗana. Abin da na faɗa a kanki ba haka ba ne, kuma lokacin da na faɗa na san ba haka ba ne." Ta juya ga mai gwanjo. "Kin ji?"

"Na ji, Inna."

"To, yadda kika kai waccan, ki kai wannan. Har ƙofar makaranta."

"Haba Inna, ni da ba na..."

"Sauka ki fara."

Mai gwanjo ta ja mayafi ta fita. Ana jin takalminta a matakala, da sauri take sauka.

Yayan ya ninke jaridarsa ya ce, "To, alhamdu lillahi. Malama, kin ji dai."

Malama ba ta dube shi ba. Inna take kallo.

"Yarinyar, wata nawa ta yi?"

"Biyu da 'yan kwanaki."

"Tana yin amai kore?"

"Kore shar. In na taɓa cikin kamar ganga."

"Da dare ba ta kwanciya sai a kafaɗa."

"Sai a kafaɗa," in ji Inna.

Malama ta ajiye biron a kan tebur, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Yaya, ku ɗan ba mu wuri." Yayan ya shige ɗaki da matarsa. Sunkuya ya tsaya yana jiran a ce da shi wani abu, ba a ce ba, sai ya fita ya zauna a kan matakala.

Ya daɗe a wurin. Ta bayan ƙofa yana jin muryoyin biyu, ƙasa-ƙasa, ɗaya ta yi ɗaya ta karɓa, ba ya gane kalmomin. Mutanen bene na hawa da sauka suna raɓa shi. Wani ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfon da aka kira.

Da ƙofar ta buɗe, Inna ce ta fara fitowa, idonta ya yi ja, ta wuce shi ta kama bango ta fara sauka. Malama ta biyo baya tana jan akwati.

"Ranar Litinin ba za ka buɗe shago da safe ba," ta ce. "Asibiti za mu. Likitan ya tambaye ni ko an taɓa samun irin wannan a dangi, na ce masa babu, ya rubuta babu. Ya ce da an sani, tun ranar haihuwa za a fara dubawa. Inna za ta je ta gaya masa da bakinta, kai kuma ka gaya masa na Gwaggo."

"To, Malama."

Ya miƙa hannu zai karɓi akwatin. Ta ɗan riƙe shi kafin ta saki.

"Inna ta zo ta faɗi nata," ta ce. "Don ita na fito. Ni da kai kuwa da sauran magana, ba a matakalar mutane ba."

"Na sani."

"Ɗauka a ka, ƙafarsa ɗaya ta karye. Kuma ka bi a hankali, kada ka ture Inna."